Garin da Ke Raba Gardama a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya shiga ɗakin gwajin sinadarai na zamani, idonsa kan fara sauka ne a kan manyan na'urori: akwatuna jere bisa juna, kwalabe a samansu, kwamfuta a gefe tana zana tuddai a allo. Ba kasafai ake lura da wani ɗan bututun ƙarfe da ke tsakiyarsu ba, mai tsawon santimita 15 da faɗin ciki milimita 4.6. A cikinsa akwai farin gari da bai kai giram 2 ba. To, duk sauran kayan nan hidima suke yi wa wannan gari. Famfo ya turo masa ruwa, na'urar ganowa ta jira abin da zai sako, kwamfuta ta rubuta. Raba abubuwan da ke gauraye kuwa, wanda shi ne ainihin aikin, a cikin garin kaɗai yake faruwa. In an zaɓe shi da kyau, an kuma shimfiɗa shi daidai, komai zai fito dalla-dalla. In an yi masa riƙon sakainar kashi, na'ura komai tsadarta ba ta da yadda za ta yi.

Sunan fasahar kuromatogirafi, kuma tushenta ba shi da wuyar ganewa. Ana cika bututu da gari, a zuba abin da ake son rabawa a samansa, a bi shi da ruwan da zai kora shi ƙasa. Kowane sinadari da gwargwadon shaƙuwarsa da garin da kuma ruwan. Wanda ya fi karkata ga garin yakan maƙale, ya saki, ya sake maƙalewa, sai ya yi ta zama baya. Wanda ya fi karkata ga ruwan ya wuce gaba. Bambancin ɗan kaɗan ne, amma da yake maƙalewa da saki suna maimaituwa sau dubbai, kafin a kai gindin bututun tazara ta buɗe, kowa ya fito shi kaɗai. Abu biyu ke nan ake nema wurin ciko. Na farko, ya iya bambanta sinadarai, wannan kuwa ya dogara da irin garin. Na biyu, ya bar kowane rukuni ya sauka a dunƙule, kada ya bazu har ya cim ma na gabansa, wannan kuma ya dogara da girman ƙwayoyin garin da hannun da ya jera su.

Wanda ya fara aikin, Mikhail Tsvet, masanin tsirrai ne ɗan Rasha da ke koyarwa a birnin Warso a farkon ƙarni na 20. Tambayarsa a kan koren ganye take: launi ɗaya ne, ko launuka ne da yawa a haɗe? Ya gwada abubuwa fiye da ɗari, har da garin sukari, kafin ya natsu da lallausan garin alli. Ya danƙara shi a bututun gilashi, ya zuba ruwan ganye, ya bi shi da wani ruwa marar nauyi da ake samu daga man fetur. Sai koren ya rabu zobe-zobe: kore iri biyu, da rawaya iri-iri. Ya yi bayanin aikin a 1903, ya wallafa shi a cike a 1906. Manyan masana sinadarai na lokacin suka yi masa kunnen ƙashi, har ya rasu a 1919. Sai a 1931 Richard Kuhn da Edgar Lederer da Alfred Winterstein suka farfaɗo da hanyar a Heidelberg ta Jamus, suka raba launukan karas da na gwaiduwar ƙwai da ita.

Aikin hannu

Har gobe ana cika bututun gilashi da hannu a jami'o'in duniya, ciki har da na Zariya da Kano, inda ɗaliban haɗa magunguna ke tatso sinadarai daga saiwa da sassaƙe da ganye. Garin da ya fi yawa a hannunsu silika ce, 'yar'uwar rairayi a sinadari, amma an sarrafa ta har kowace ƙwaya ta zama ramuka ciki da waje.

Kallon gwani yana wannan aiki abin sha'awa ne, don babu motsinsa ko ɗaya da ba shi da dalili. Zai fara tsayar da bututun cak, ya duba ta gaba, ya zagaya ya duba ta gefe, saboda ɗan karkata kaɗan ya isa ya sa zobba su gangaro a gicciye. Ya tura 'yar auduga gindi, daidai yadda za ta tare gari ba ta toshe ruwa ba. Ya zuba yashi mai tsabta a kanta don ƙasa ta yi bai ɗaya. Sannan ya auni silika, yawanci ninki 30 zuwa 100 na nauyin abin da zai raba, gwargwadon yadda sinadaran ke kama da juna. Hancinsa a rufe, don ƙurarta ba ta yi wa huhu daɗi. Ya dama ta a cikin ruwan kora har iska ta gama fita, ya kwarara ta a zubi ɗaya. Ba ya zubawa ya tsaya ya sake zubawa, domin manyan ƙwayoyi sun fi saurin nutsewa, kowace tsayawa za ta bar shimfiɗar manya a ƙasa da ta ƙanana a sama. Yana zubawa yana bubbuga jikin gilashin da guntun tiyo, a hankali, ta kowane gefe, har garin ya daina sauka.

Daga nan doka ɗaya ce ba a karyawa: kada ruwa ya taɓa sauka ƙasa da saman garin. Da zarar ya bushe, iska ta shiga, shimfiɗa ta tsage, an koma farko. Samfurin kuma, wato abin da zai raba, a cikin ɗan ruwa kaɗan yake narkar da shi, ya ɗiga shi a jikin gilashi yana zagayawa, don ya zauna siriri a saman garin ba tare da ya tona rami ba. Zoben da ya fara tafiya da kauri ba zai sirance a hanya ba. In lokacin sauya ruwan kora ya yi, daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, kaɗan-kaɗan yake ƙarawa, don ya san silika na fitar da zafi idan ruwa mai ƙarfi ya faɗa mata kwatsam, zafin nan kuma yana tayar da kumfa ya fasa shimfiɗa.

Dalilin wannan taka-tsantsan, manomin rani ya san shi. In bai daidaita fangalinsa ba, ranar ban-ruwa ruwan zai kwarara gefe guda, wani sashe ya jiƙe sharkaf, wani ya kwana da ƙishi. Haka ruwa yake a bututu: inda ya sami tsaga ko kumfa ko wurin da gari ya yi sako-sako, nan zai bi. Sinadarin da ya faɗa wannan hanya ya riga 'yan'uwansa isa ƙasa, gaban wannan zobe ya shiga bayan wancan, abin da aka sha wuya aka tatso daga buhun sassaƙe ya fito a gauraye yadda ya shiga.

A 1978 W. Clark Still na Jami'ar Columbia da ke Amurka, tare da abokan aikinsa biyu, ya sauƙaƙa wa masu wannan sana'a rayuwa. Sun gwada silika mai girma daban-daban, suka ga wadda ƙwayoyinta ke tsakanin mikiron 40 zuwa 63 ta fi kyau. Mikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Suka ce a cika kamar santimita 15, a matsa iska ta sama har ruwa ya riƙa sauka santimita 5 a minti. Aikin da kan ci awoyi ya koma minti 10 zuwa 15. Kada kuma a raina bututun gilashi: da bututun silika ne tawagar Tu Youyou a Beijin ta ware artemisinin a 1972 daga ganyen da muke kira tazargade, sinadarin da magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau suka dogara a kansa.

Ƙanƙanta da kuɗinta

Me ya sa girman ƙwaya ke da wannan tasiri? Amsar ta fara fitowa a 1941 daga Archer Martin da Richard Synge, waɗanda ke aiki a cibiyar binciken gashin tumaki a Leeds ta Ingila, suna neman raba amino asid ɗin da ke cikin gashin. Sun kawo ma'aunin da ake amfani da shi har yau: a ɗauki bututu a matsayin jerin matakai, a kowane mataki sinadari yana raba kansa sau ɗaya tsakanin ciko da ruwa. Yawan matakai, kyawun rabuwa. Suka kuma hango cewa matakai mafi gajarta za su samu ne in an yi amfani da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da matsi mai ƙarfi. An ba su kyautar Nobel a 1952, amma hasashen nan ya jira shekara kusan talatin kafin kayan aiki su kai gare shi.

A 1956 wasu masana uku na kamfanin Shell, van Deemter da Zuiderweg da Klinkenberg, suka fayyace abubuwa uku da ke baza zobe. Na farko, hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyi ba tsawonsu ɗaya ba, wani sinadari ya bi gajera wani ya bi doguwa. Na biyu, duk abin da ke narke a ruwa yana yaɗuwa gaba da baya da kansa, kuma muddin ya daɗe a bututu yaɗuwar na ƙaruwa. Na uku, shiga ramin ƙwaya da fitowa na ɗaukar lokaci, in ruwa na gudu da yawa, waɗanda ke waje sun yi nisa kafin na ciki su fito. Sannu ba ta hana zuwa, amma a nan sannun da ta wuce kima ɓarna take yi kamar gaggawa. Kowane ciko yana da gudun da ya dace da shi, gwani kuma nemansa yake yi.

Ƙananan ƙwayoyi suna rage matsala ta farko da ta uku: hanyoyi sun fi kusa da juna a tsawo, ramuka ba su da zurfi. John Knox na Jami'ar Edinbara ya ba masu sana'ar ma'aunin gane aiki mai kyau: bututun da aka cika da gwaninta, tsayin matakinsa kusan ninki biyu ne na kaurin ƙwayarsa. Ke nan ƙwaya mai mikiron 5 tana ba da mataki mai mikiron 10, bututu mai santimita 15 ya ba da matakai har wajen 15,000.

Sai dai kowane ci gaba da kuɗinsa. In aka rage kaurin ƙwaya da rabi, matakai sun ninka biyu, amma matsin da ake bukata don tura ruwa da gudu ɗaya ya ninka huɗu. Tazarar da ke tsakanin sinadarai kuwa ba ta ninka biyu, da kamar kashi 40 cikin ɗari take ƙaruwa. Ga wata matsalar: garin da ƙwayoyinsa suka gaza mikiron 20 ba ya cikuwa a bushe, dunƙulewa yake yi. A farkon shekarun 1970 Ronald Majors da wasu suka nuna mafita. A dama garin a ruwan da nauyinsa ya yi daidai da na ƙwayoyin, don kada su nutse su ware manya da ƙanana, sannan a harba damun cikin bututun ƙarfe da matsi mai tsanani. Wannan ne ya buɗe ƙofar HPLC ta zamani, wato kuromatogirafi mai matsi mai ƙarfi irin ta na'urorin da muka fara da su. Har yau kowane kamfani yana ɓoye sirrin damunsa: wane ruwa, wane kauri, wane matsi, minti nawa. Wurin da ya fi ba su wuya shi ne jikin bangon bututun, inda ƙwayoyi ke jeruwa daban da na tsakiya, ruwa ya riƙa gudu daban.

Shekaru da dama famfunan na'urorin sun tsaya a matsin bar 400, wato kusan ninki 400 na matsin iskar da muke shaƙa. A 1997 James Jorgenson na Jami'ar North Carolina ya nuna abin da ƙwayoyi masu mikiron 1.5 za su iya a matsi mai yawan gaske, a 2004 kuma kamfanin Waters ya fito da na'ura mai kai matsin bar 1,000 da ƙwayoyi masu mikiron 1.7. A irin wannan matsi gogayyar ruwa da gari tana haifar da zafi, tsakiyar bututu ta fi gefe ɗumi, ruwan tsakiya ya fi gudu. Shi ya sa ake ƙera waɗannan bututu sirara, galibi milimita 2.1, don zafin ya sami hanyar fita.

Wata dabara ta zo daga Jack Kirkland, wanda ya daɗe a kamfanin DuPont. Wajen 2007 kamfanin da yake tare da shi a lokacin ya fito da ƙwaya mai mikiron 2.7: tsakiyarta dunƙule ne marar rami mai mikiron 1.7, kewaye da ɓawo mai ramuka mai kaurin rabin mikiron. Ta ba da rabuwa kusa da ta ƙananan ƙwayoyin can, a kusan rabin matsinsu. Da farko an ɗauka sirrin shi ne gajartar ramuka. Da Georges Guiochon da Fabrice Gritti suka auna abin a Jami'ar Tennessee, sai suka gano cewa ga ƙananan sinadarai babban dalilin shi ne waɗannan ƙwayoyi sun fi kwantawa daidai, shimfiɗarsu ta fi zama bai ɗaya daga tsakiya zuwa bango. Ashe abin da ɗalibi ke nema da guntun tiyonsa, shi manyan kamfanoni ke nema da injinansu.

Fuskar ƙwaya

Girma da jeri suna hana zobe bazuwa. Amma wane sinadari zai riga wane, wannan fuskar ƙwaya ce ke yanke shi. Giram ɗaya na silikar HPLC yana da fili wajen murabba'in mita 300, kuma kusan dukkansa a cikin ramuka yake. Don haka faɗin rami abin lura ne. Ramuka masu nanomita 10 sun wadaci ƙananan sinadarai irin na yawancin magunguna. Furotin kuwa ƙato ne, sai an ba shi ramuka masu nanomita 30, in ba haka ba a bakin ƙofa zai tsaya, filin nan duka ya zama ba shi da amfani.

Yawancin bututun yau ba tsurar silika ba ce. An ɗaura wa fuskarta sarƙoƙi masu kabon 18, abin da ake kira C18, don ta zama mai maiƙo, sai a kora da ruwa haɗe da metanol ko asetonitiril. Sinadari mai son maiƙo ya daɗe, mai son ruwa ya fita da wuri. Matsalar ita ce sarƙoƙin suna da jiki, ba sa iya rufe fiye da kusan rabin wuraren ɗauri da ke kan silika. Sauran, da ake kira silanol, suna nan a buɗe, kuma suna da ɗan asid. Magunguna da yawa, irin su kwinin da kulorokwin da lumefantirin, suna ɗauke da caji mai jan hankalin silanol. Sai wasu daga ciki su maƙale fiye da kima, tudun maganin da ya kamata ya fito tsaf a allo ya fito yana jan jela, ƙaramin gurɓataccen sinadari ya ɓuya a ƙarƙashin jelar. Masu ƙira sun bi hanya biyu: suka riƙa toshe ragowar silanol da 'yan ƙananan sinadarai, suka kuma koma yin silika mai tsabta ƙwarai, domin burbushin ƙarfe da na alminiyam a tsohuwar silika shi ke ƙara wa silanol kaifi. Saboda irin waɗannan bambance-bambance ne bututu biyu za su zo da tambarin C18, girma ɗaya, tsawo ɗaya, amma su jera sinadarai daban. Silika kuma tana da iyaka: in ruwan kora ya wuce pH 8 tana narkewa, in ya gaza pH 2 sarƙoƙin na tsinkewa. Wanda aikinsa ya kai shi wajen wannan iyaka sai ya nemi silikar da aka ƙarfafa da kabon, ko ƙwayoyin roba.

Sauya ciko, ka sauya tambayar da bututu ke yi wa samfur. A 1959 Jerker Porath da Per Flodin a Uppsala ta Suwidin suka fito da Sephadex, wanda ke raba abubuwa bisa girma: manya ba sa iya shiga rami sai su fara fita, ƙanana su biyo baya. Ciko mai caji yana raba himogulobin ɗin jini, ya bambanta A da S da C da F, alhali amino asid ɗaya tak ya raba S da A. Ta haka ake tabbatar da cutar sikila tun a jarirai. Akwai kuma ƙwayoyin da aka ɗaura wa sinadarin garkuwar jiki mai kama afalatoksin kaɗai, gubar fumfunar da ke addabar gyada da masara. Da shi ake tsamo gubar daga cikin dubban abubuwan da ke cikin gyada kafin a auna ta, don Tarayyar Turai ba ta karɓar gyadar ci da gubar ta wuce mikirogiram 4 a kilo.

Karatun tuddai

Bututun ƙarfe ba a ganin cikinsa, kuma yana tsufa. Shi ya sa littattafan ƙa'idojin magunguna suka wajabta a gwada bututun kafin a gwada maganin. Ana tura sanannen samfur sau biyar ko shida, a ga ko amsa tana maimaituwa, a lissafa matakai, a auna jela, wadda sau da yawa ba a yarda ma'auninta ya wuce 2 ba, a tabbata tuddai maƙwabta sun rabu har ƙasa. Mai kula kuma yana tace kowane samfur, ya sa ɗan guntun bututun kariya a gaba ya tare datti, ya wanke gishiri kafin ya tashi aiki. Inda da kuɗin waje ake sayo bututu, wannan kula ita ce bambancin wanda zai yi shekaru da wanda zai mutu a wata guda.

A nan ne amfanin koyon cika bututun gilashi da hannu yake fitowa, ko ga wanda ba zai ƙara cika shi ba bayan ya bar makaranta. Wanda ya taɓa ganin tsaga ta karkatar da zobe da idonsa, shi ke iya kallon allo ya faɗi abin da ke faruwa a cikin ƙarfe. In matsi na hawa kullum, matatar bakin bututu ce ke toshewa. In kowane tudu ya fito da kai biyu, gari ya zauna ya bar rami a sama, ko matatar ta toshe ta gefe guda. In tudu ɗaya ne ke jan jela sauran suna lafiya, silanol ce ta kama shi, maganin abin kuma yana cikin ruwan kora ko irin cikon. In tuddai duka suna matsowa gaba a hankali, sarƙoƙin ne ke zubewa. Mai irin wannan karatu ya san lokacin da laifin na samfur ne da lokacin da na bututu ne, kuma shi ya cancanci a ba shi amanar sa hannu a takardar da za ta ce wannan magani a sha, wancan a ƙone.